Babu Wanda Ya Ga Barcina

Fagge, Kano
6 ga Mayu

Zuwa ga jikata Falmata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata ke da maigidanki Abdulrauf da yara duk kuna lafiya. Yaya makaranta da ɗalibai? Ni ma ina nan lafiya lau, Alhamdulillahi. Hannun hagun da ya yi mini nauyi kwanakin baya ya saki, bakina ma ya kusa komawa daidai. Sai dai har yanzu in na yi magana a waya sai a ce in maimaita, shi ya sa ba na ɗauka in kin kira. Alhaji Baffa zai kawo miki wannan in ya shigo Maiduguri da atamfofinsa na kasuwar Kwari.

Na je asibitin Sabon Garin da kika matsa mini in je, ɗakin da ake duba waɗanda shanyewar jiki ta taɓa don kada ta dawo. Don ke jikar yayana ce na je. Da wani ne ya aiko ni, da ko ƙofar ban taka ba.

Na ɗauka za su auna jini su ba ni magani in dawo. Ashe jarrabawa aka shirya mini. Wata nas mai suna Ogechi, wadda Hausarta ta fi ta wasu 'yan Fagge, ta zaunar da ni ta zagaya mini tef a wuya kamar mai tayin rago. Ta faɗi kalmomi biyar ta ce in riƙe, za ta tambaye ni an jima. Ta ba ni biro ta ce in zana agogo. Ni, wanda ya yi akawu a tashar jirgin ƙasa tun ba a haifi uwarta ba! Biron ma ba ya rubutu sosai. Kalmomin kuwa biyu na kawo, don ta cika ni da surutu a tsakani.

Duk wannan ba shi ya ɓata mini rai ba. Zacchaeus ne. Kin san shi, abokin aikina na tasha, mutumin Wusasa, wanda yake saya miki rake in an kawo ki hutu kina ƙarama. Shi ya raka ni. Nas ta ce, "Baba, a 'yan makonnin nan kana jin ranka a ɓace, ko ka ji komai ya fita daga ranka?"

Na ce, "Alhamdulillahi."

Ta ce, "Baba, babu gurbin Alhamdulillahi a takardata. I ko a'a?"

Na ce mata da sauƙi, kamar yadda duk mutumin da aka yi wa tarbiyya zai amsa. Sai mutumin nan ya buɗe baki daga bayana ya ce, "Sista, rubuta i. Tun da Hajiya Zulfa ta rasu ya daina fitowa majalisa. Rediyonsa ya mutu bai gyara ba. Shekaranjiya na tarar da tuwon da aka kawo masa a rufe, ko murfin bai ɗaga ba."

Labule ne kawai tsakaninmu da masu jiran layi, Falmata. Kowa ya ji. Har da wani mai gyaran agogo na bakin kasuwar Singa da ya san ni. Matata ta rasu, ni da Ubangijina muka san abin da ke raina, sai ga shi an shanya shi a gaban yarinyar da na yi jika da ita.

Ta kuma tambaye ni ko ina munshari, ko wani ya taɓa ganin numfashina ya ɗauke ina barci. Na ce mata ba na gayyatar mutane kallon barcina. Ta bar wajen babu komai.

A adaidaita sahu titi nake kallo har muka rabu da Zacchaeus. Sun ce in koma wata mai zuwa. Za mu gani.

Ki gaida yara.

Kakanki,
Abdulgani

*

Maiduguri
20 ga Mayu

Zuwa ga Kaka, angona na kaina,

Assalamu alaikum. Mun samu wasiƙarka, duk muna lafiya, yara suna gaishe ka. Na yi dariyar zancen rago har Abdulrauf ya leƙo. Wa ya isa ya taya mini ango?

Amma Kaka, dariyar ba ta daɗe ba. Lambata ce a katinka, saboda haka likitarka, Dakta Jawahir, ta kira ni. Ta ce tambayoyin nan ba don wasa ake yi ba. Abu uku suke nema: damuwa, ɗaukewar numfashi a barci, da mantuwa. Ta ce sun lura waɗanda makinsu ya yi sama a waɗannan su ne suka fi sake faɗuwa nan da 'yan shekaru, ko su kasa yi wa kansu komai, ko ma abin da ba na son rubutawa. Ta ce naka ya yi sama, ko da yake akwai tambayar da ba a cike ba. Abin da ya fi damunta shi ne kai kaɗai kake kwana a gida.

Na rasa inda zan sa kaina. Duk wasiƙar da ka aiko mini tun rasuwar Hajiya, da "lafiya lau" take farawa, ni kuma na yarda.

Mun yi shawara da Abdulrauf. Na share maka ɗakin da ke kusa da zaure, mai taga biyu. Da an ba mu hutu a ƙarshen Yuli zai zo da mota ya ɗauko ka da kayanka. Asibiti na kusa da mu, kuma yara za su cika maka kunne har ka gaji.

Na kira Baba Zacchaeus na yi masa godiya. Ba don shi ba da ba mu san komai ba. Don Allah kada ka riƙe shi a rai.

Matarka mai jiran zuwanka,
Falmata

*

Fagge, Kano
2 ga Yuni

Falmata,

Bayan gaisuwa. Ina lafiya.

Na karanta takardarki a tsaye, don na kasa zama. Wato ku uku kun haɗu a waya, ke da likita da Zacchaeus, kun yanke yadda sauran kwanana za su kasance, ni kuma sai dai a aiko mini da sanarwa. Da muna tasha, ko buhun gyaɗa za a ɗora a jirgi sai an tambayi mai shi.

Wace ce Jawahir da za ta san abin da zai same ni nan da 'yan shekaru? Kafin shayi ya huce aka gama tambayoyin nan. A wannan ɗan lokacin ta auna shekara tamanin? Don na manta kalma uku? Ki tambaye ta abin da ta ci ranar Talatar da ta wuce, mu ji ko za ta tuna. Kuma in har tana da magana a kan jikina, ni ya kamata ta kira ta kalli idona ta faɗa. Ba kurma ba ne ni, ba yaro ba.

Maiduguri garin ubana ne, ba nawa ba. Shi ya baro can da kanwa a kan jakuna, ni a Fagge aka yanke mini cibi. Barbarcin da na iya bai wuce gaisuwa ba. A nan na auri Zulfa, a nan na binne ta, ranar Juma'a in ƙafa ta yarda ina zuwa in tsaya a kanta. Za ki sa kabarin a bayan motar Abdulrauf ne?

Yanzu ga maganar da na daɗe ina haɗiyewa. Rabonki da gidan nan tun sadakar bakwai ta Hajiya. Kaka huɗu ke nan. Hutu nawa aka ba ku a tsakani? Kin je Abuja bikin ƙawa, da hannunki kika rubuto mini. Kano ba ta kan hanya? Ina zaune ina rubuta miki wasiƙa da hannu ɗaya, ba ki taɓa share mini ɗaki ba. Sai da wata baƙuwa ta buga miki waya ta ce tsohon ya kusa, sannan kika tuna da taga biyu. Takardar asibiti kika yarda da ita, ni ba ki zo kin duba ba.

Kin ce ina rubuta lafiya lau. To me zan rubuta? Haka aka koya mana. In an ce ya jiki, ka ce da sauƙi, ko da a kan gadon mutuwa kake. Mai son sanin gaskiya shi yake tako ƙafa ya zo ya ga fuskarka.

Shi kuwa Baban naki da kike wa godiya, na gama da shi. Ya zo ranar Litinin da ƙosai a leda kamar ba abin da ya faru. Na tare shi a bakin zaure na ce, "Ka je wajen waɗanda kake kai wa rahoto." Ya ce, "Gani, ka haukace ne?" Na ce ai ya riga ya gaya wa asibiti haka. Kujerarsa ta roba da take zaurena tun muna da sauran haƙora, na ɗora ta a adaidaita sahu na ce a kai masa Sabon Gari. Ƙosan ma na haɗa masa.

Asibitin ba zan koma ba. Motar kuma kada ta zo. In ta zo za ta tarar da ƙofa a kulle, ni ina ciki.

Kada ki sake kirana ango. Ba wasa nake yi ba.

Abdulgani

*

Maiduguri
9 ga Yuli

Kaka,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, amma ni hankalina ba a kwance yake ba. Alhaji Baffa ya zo har sau biyu hannu wofi. Na aika maka amsa ba ka mayar ba. Ya ce in ya yi sallama daga ciki kake amsawa, ba ka fitowa. Baba Zacchaeus ya ce ya zo layinku ya tsaya daga nesa, ya ga ka fita masallaci kana dafa bango, ya juya don kada ka gan shi ka ƙara fushi. Mutumin da kuka yi shekara hamsin tare, Kaka!

Maganar rashin zuwana gaskiya ka faɗa, na kuma yi kuka a kanta. Ba ni da hujja. Amma ni ma bari in faɗi tawa. Ka ce mai son gaskiya ya zo ya ga fuska. To wanda ya zo kullum ya ga fuskar, ya faɗi abin da ya gani, me ka yi masa? Ka aika masa da kujerarsa. Ni da ban zo ba na yi laifi, shi da ya zo ya yi laifi. Wa kake so ya rage maka?

Asibiti sun ce ba ka koma ba, kuma maganin hawan jininka ya isa ƙarewa tuntuni. Ba zan zauna ina jira a kira ni a ce an ɓalla ƙofa an same ka ba. Abdulrauf zai zo ranar Asabar ta ƙarshen wata. Ka yi fushi da ni a nan inda nake ganinka, ya fi mini.

Falmata

*

Fagge, Kano
21 ga Yuli

Zuwa ga Falmata,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya ke da maigida da yara. Ni ba ni da lafiya. Ga shi na rubuta, ki adana. Ƙafar hagu tana ja, abinci ba ya mini daɗi, da safe ina tashi da ciwon kai kamar ban kwanta ba, kuma akwai ranakun da ba na son ganin kowa. Kin ji. Kada ki ɗauka na huce ne. Har yanzu ina fushi da ke.

Da wasiƙarki ta zo na sa babbar rigata na tafi asibitin ni kaɗai, ba don magani ba, don in ga likitar nan da take aika labarina garuruwa. Na same ta. Ba ta kai ki shekaru ba. Na ce mata, "Ke kika ce zan mutu?"

Ta ajiye biro ta ce, "Baba, zauna tukuna."

Na ce a tsaye zan ji.

Ta ce to ita ma za ta tsaya. Ta miƙe. Dole na zauna, don ba zan bar mace a tsaye saboda ni ba.

Ta ce ta yi kuskure da ta kira ki kafin ta yi magana da ni, ta ba ni haƙuri. Ban ce na haƙura ba. Ta ce takardar ba ta san ranar kowa ba. Abin da take nunawa shi ne a cikin mutanen da suka amsa irin amsata, da yawa jikinsu yakan lalace da wuri, kuma dalilin tambayar shi ne a gano su tun ana iya yin wani abu. Damuwa tana da magani. Numfashin barci yana da dabara. Mantuwa ma takan ragu in an gyara waɗancan biyun. Na ce to Maiduguri a cikin magungunan take? Ta ce, "Ni ban ce a kai ka ko'ina ba. Cewa na yi kada ka zauna babu mai leƙa ka kullum. In akwai mai leƙawa, ni da kaina zan gaya wa jikarka ta bar ka a gidanka."

Sai ta juyo takardar ta nuna mini gurbin da Ogechi ta bari. Ta ce na'urar gwajin barci tana babban asibiti, layinta kuma dogo ne, ba za ta iya sa sunana ba sai an samu wanda ya ga barcina ya faɗi abin da ya gani. Ta ce, "Wa kake da shi, Baba?"

Na dawo gida ina lissafi. Kin san yadda layinmu ya koma. Gidan maƙwabcinmu Malam Bukar ya zama sito, na hannun dama ma dilolin shadda ne har rufi. Da magariba 'yan Kwari sun kulle sun tafi, ba mai kwana sai ni da ɓeraye. Liman? In ce masa ya bar almuru da jama'a ya zo ya ji munsharina? Alhaji Baffa yana kan hanya kullum. Na juya ta kowace fuska, mutum ɗaya ne. Wannan ya fi komai ba ni haushi. Don in zauna a gidana sai na bi ta ƙofar wanda na kora.

Ranar Laraba bayan azahar na hau adaidaita sahu zuwa Sabon Gari. Na same shi a barandarsa a kan kujerar nan, yana fifita da jarida. Ya dube ni ta saman tabarau bai tashi ba.

Na ce, "Barci na zo yi, ba sulhu ba."

Ya ce, "Gidan naka an sayar ne?"

Na ce likita ce ta ce a kalle ni, tunda kuma shi ya ƙware a sa ido da kai rahoto, ga aiki ya samu. Ya ɗaga murya ya ce, "Dina, kawo tabarma da matashi, ga wani ɗan haya ya zo." Matarsa ta fito ta durƙusa ta gaishe ni, tana danne dariya. Ta ce, "Malam, ya jiki?" Na buɗe baki zan ce da sauƙi, sai na ga yana kallona. Na ce mata ta tambayi mijinta, shi ne mai magana da yawuna.

Na kwanta na juya masa baya. Ana ta hayaniya a titi, masu injin markaɗe suna yi, na ce a raina barci ba zai zo ba. Ban san lokacin da ya ɗauke ni ba.

Jijjiga ce ta tashe ni. Zacchaeus ne a durƙushe a kaina, ya riƙe kafaɗuna biyu yana girgizawa, yana kiran sunana yana kiran Yesu. Tabaransa ya faɗi a ƙasa. Dina tana tsaye da kofin ruwa yana zuba a ƙafarta ba ta sani ba. Na ce, "Kai, lafiya? Sake ni."

Bai sake ni ba. Ya ce, "Ka tsaya, Gani. Kana ta munshari sai ka yi tsit. Ƙirjinka ba ya motsi. Na farko na jira ka ja da kanka. Na biyu ma haka. Wannan karon leɓenka ya canja launi." Hawaye yana bin gemunsa. Mutumin da na ga ya binne ɗansa na fari bai yi kuka a gaban mutane ba.

Ya ce, "Haka kake yi kai kaɗai a ɗakin can? Tun yaushe?"

Sai na tuna. Zulfa takan zungure ni da gwiwar hannu ta ce in juya, ina yi mata faɗa a kan ta hana ni barci. Tun da ta tafi ba wanda ya zungure ni.

Washegari muka je asibitin tare. Ogechi ta cike gurbin nata. Kin san abin da ya faru? Makin ƙaruwa ya yi. Na ce mata ashe gara da na yi shiru. Ta ce, "A'a Baba, yanzu ne muka san da wa muke faɗa." Sun sa sunana a layin na'ura, sun sabunta maganin hawan jini, sun ƙara mini wani na damuwa wanda na karɓa ina ƙunƙuni. Sun ce in daina kwanciya rigingine. Dina ta ɗinka aljihu a bayan tsohuwar rigata ta cusa goruba a ciki, duk lokacin da na mirgina sai ta soke ni in koma gefe. Tsufana ya kai ni ga kwana da goruba a gadon baya, kuma ke ce sila.

Kujerar ta dawo zaure. Shi ya kawo ta da kansa. Kullum da safe yana zuwa ya buga ƙofa da sandarsa ya ce, "Ka mutu ne?" In ce masa tukuna. Ba ya tafiya sai ya ga na buɗe kwano. Ya kai rediyon gyara ba da izinina ba. Likita ta ce za ta kira ki, wannan karon ina zaune a wajen.

Saboda haka ki gaya wa Abdulrauf, in motar da zai kawo ta ɗaukar kaya ce, ya huta. Ba inda za ni. In kuwa za ta zo da ke da yara a ciki, ƙofa a buɗe take. Na sa an share ɗakin Hajiya, karo na farko tun da aka fitar da ita. Taga ɗaya gare shi, sai ki yi haƙuri.

Kuma ki zo da shirin aiki. Zacchaeus ya ce zai riƙa leƙo ni da safe har ƙarshen ransa, amma kallon barcina ba zai sake ba, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Likita tana son a ƙara dubawa a ga ko gorubar tana aiki. Kin ce kina son in yi fushi a inda kike ganina. To ki zo ki gani.

Kakanki,
Abdulgani

*

Maiduguri
24 ga Yuli

Angona,

Assalamu alaikum. Na ce ango, ka yi abin da za ka yi.

Dakta Jawahir ta kira, na kuma ji muryarka a bayanta kana gyara mata magana. Na yarda, ka zauna a gidanka. Ɗakin nan mai taga biyu dai ba zan mayar da kaya cikinsa ba tukuna, kada ka ce ban gaya maka ba.

Muna tafe ranar Asabar, ni da yara, har ƙarshen hutu. Abdulrauf zai sauke mu ya juyo da motarsa babu komai a baya. Ka ce wa Baba Zacchaeus ina gaishe shi da Mama Dina, kuma bayan azahar zai ara mini kujerarsa in zauna kallon barcinka.

Falmata